Gano haɗarin taɓin hankali a matasa: a tantance makaranta gaba ɗaya, ko a tsaya kan wanda ya zo da kuka?

Ciwon da likitoci ke kira saikosis, wato taɓin hankalin da ke raba mutum da zahiri har ya riƙa jin muryoyin da babu su ko ya kafe kan abin da bai faru ba, ba kasafai yake faɗo wa mutum rana tsaka ba. Sau da yawa akwai watanni, wani lokaci shekaru, da yaro ke canzawa a hankali: barci ya lalace, karatu ya ja baya, ya daina fita majalisa, ya fara zargin ana maganarsa. Ga maza yakan bayyana daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa farkon ashirin, mata kuma sukan ɗan jinkirta. Waɗannan su ne shekarun aji biyar da shida na sakandare, shekarun WAEC da JAMB, da shekarar farko ta jami'a a Samaru ko Kongo. A gari irin Zariya, da ɗalibai suka cika shi tun daga Barewa da Alhudahuda har zuwa tsangayu da Islamiyyu, dole tambayar ta taso: ta wace hanya za a gano yaron tun ciwon bai kankama ba?

Hanyoyi uku ne a gaban shugaban makaranta, ko jami'in lafiya, ko ƙungiyar da ta samu ɗan tallafi tana son yin aikin alheri. Ko a raba takardar tambayoyi ga kowane ɗalibi. Ko a ajiye takardar a hannun ma'aikacin lafiya, ya yi wa wanda ya zo da damuwa kaɗai. Ko kuma a tura duk wanda ake shakka kai tsaye wurin ƙwararre ya yi masa doguwar hira. Kowacce na da kayan aikinta, da tsadarta, da irin ɓarnar da take yi idan aka kuskure.

Takardun tambayoyin

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce PQ-16, da aka fitar a Holan a 2012. Tambaya 16 ce, amsar kowacce "haka ne" ko "ba haka ba ne", sannan wanda ya ce haka ne ya faɗi yawan damuwar da abin ke jawo masa daga 0 zuwa 3. Tara daga ciki kan ji da gani da sansanar abin da wasu ba sa ji ne, biyar kan baƙin tunani da zargi, biyu kan janyewa da mutuwar sha'awa. Wanda ya amsa "haka ne" sau 6 ko fiye, shi ake turawa gaba. A gwajin farko, tsakanin masu neman magani a asibiti, ta kama 87 cikin 100 na waɗanda suke da alamun da gaske, ta kuma saki 87 cikin 100 na waɗanda ba su da su. Minti biyar zuwa goma ta ishi mai iya karatu.

PQ-B ta fito daga Amurka a 2011, tambaya 21, kuma ma'aunin damuwarta ya fi faɗi, daga 1 zuwa 5. Tana kamawa sosai, amma tana yawan haɗawa da masu lafiya. PRIME ta jami'ar Yale tambaya 12 ce, kowacce da mataki bakwai daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Waɗannan matakai bakwai su ne matsalarta a nan: yaron da ba a saba masa da irin wannan awo ba yakan zaɓi gefe ɗaya ko ya tsaya tsakiya har ƙarshe. Akwai kuma WERCAP, mai tambaya 16, rabi kan sauyin yanayin zuciya rabi kan alamun saikosis, wadda aka yi aiki da ita tsakanin matasan Kenya.

Idan za a zaɓi ɗaya don ƙaramin asibiti a Tudun Wada ko Sabon Gari, PQ-16 muke fifitawa, saboda gajarta da sauƙin amsa. Amma da sharaɗi: a karanta wa yaron da baki, cikin Hausa, a ɗaki shi kaɗai, kuma kada a tsallake sashen damuwa. Da yawa sukan ƙirga "haka ne" su wuce, alhali wannan sashen ne ke bambanta abin da yaro ya saba da shi bai dame shi ba, da abin da ke hana shi barci.

Lissafin da ke rusa tantance makaranta gaba ɗaya

A ido, raba takarda ga kowa ya fi kama da adalci. Babu wanda aka ware, babu wanda aka tsallake, kuma kwana ɗaya ya isa. Sai an zauna da alƙalami ake ganin inda gizo ke saƙa.

Mu ƙaddara makaranta mai ɗalibi 1,000, mu kuma ƙaddara, don lissafi kawai, cewa 20 cikinsu ne suke da alamun haɗari na gaske. Takardar da ke kama 87 cikin 100 za ta kama 17, uku su kuɓuce. Saura 980 masu lafiya, za ta yi kuskure kan 13 cikin kowane 100, wato yara 127. A ƙarshen ranar akwai suna 144 a takarda, kuma 17 ne kaɗai na gaske, kusan ɗaya cikin takwas. Kowane ɗaya cikin 144 ɗin nan yana buƙatar hirar awa ɗaya zuwa biyu da ƙwararre. A awa ɗaya da rabi, awa 216 ke nan, daga makaranta ɗaya tak. Babu sashen likitocin ƙwaƙwalwa da zai ɗauki wannan a kan marasa lafiyar da ke jiran layi.

Yanzu a kai takardar ɗakin asibiti, inda matasa 100 suka zo da kansu ko iyaye suka kawo su saboda rashin barci, tsoro, ko faɗuwar karatu. A ƙaddara 30 cikinsu suna da alamun. Za ta kama 26, ta yi kuskure kan 9 cikin sauran 70. Suna 35, kuma 26 na gaske, kusan uku cikin huɗu. Takardar ba ta canza ba, mutanen da aka miƙa wa ita ne suka canza.

A zahiri ma abin ya fi lissafin nan muni a makaranta, don jin baƙon sauti ko ganin wani abu ya zama ruwan dare ga yara. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban ya samu cewa kimanin 17 cikin 100 na yara 'yan shekara 9 zuwa 12 suna ba da labarin irin wannan, da 7.5 cikin 100 na 'yan 13 zuwa 18. Yawancinsu abin yakan wuce da kansa. Shi ya sa yi wa 'yan ƙaramar sakandare wannan gwaji ɓata takarda ne.

Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi. A makaranta ba a ɓoye komai. Ranar da aka kira yarinya ofishin shugaba bayan "gwajin ƙwaƙwalwa", kafin a tashi ajin ya sani, kafin Magariba unguwa ta sani. Shekara uku bayan haka, dangin manemi sun zo bincike, wani ya ce ai an taɓa cewa tana da taɓi. Yara 127 da lafiyarsu ƙalau aka jefa cikin wannan hali don a samo 17. Wannan kaɗai ya isa a ajiye hanyar farko. Ƙari a kan haka, ba ta isa ga almajiri, ko yaron gareji a Kwangila, ko yarinyar da aka aurar tana shekara 16, kuma cikinsu akwai waɗanda suka fi kowa buƙata.

Inda fassara ke cin mutum

An rubuta tambayoyin nan don matasan Turai da Amurka. Ɗaya daga cikin na PQ-16 tana tambaya ko mutum ya taɓa jin kamar akwai wani ko wani ƙarfi kusa da shi alhali bai ga kowa ba. Yaron da ya tashi yana karanta Ayatul Kursiyyu kafin ya kwanta, aka hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, zai iya cewa haka ne, kuma bai faɗi komai ba face abin da gidansu duka suka yarda da shi. Wata tana tambaya ko yana jin mutane na nufinsa da sharri. Wanda ya taso daga ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, ko 'yar da ke zaune a hannun kishiyar uwa mai tsangwama, gaskiya suka faɗa idan sun ce e. Dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, matsalar barci ce sananniya. Jin muryar mahaifiyar da ta rasu kwanan nan yana cikin alhini.

Dubi yadda amsa ɗaya ke rabuwa gida biyu. An tambayi yara biyu 'yan shekara 17 ko suna jin muryar da wasu ba sa ji, duka sun ce e. Jami'ar lafiya ta ce wa na farko, "Ɗana, yaushe kake jin ta?" Ya ce, "Idan barci ya fara ɗaukata, Anti, sai in ji kamar an kira sunana. Sau biyu ko uku ne tun azumi." Yana zuwa makaranta, yana buga ƙwallo, abin bai dame shi ba. Wannan a sallame shi da kwantar da hankali. Na biyu ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Da rana ne. Kamar mutum biyu suna raɗa a bayana, suna faɗin abin da nake yi. Na san wataƙila kaina ne, amma na daina zama a aji." Mahaifiyarsa ta ƙara da cewa, "Wallahi, Malama, wata huɗu ke nan sai na yi da gaske yake wanka, kuma da shi ne na uku a ajinsu." Wannan shi ake nema. Kalmarsa ta "wataƙila kaina ne" tana da nauyi: shakkar nan ita ce ke nuna bai tsallaka zuwa cikakken ciwo ba tukuna.

Don haka duk "haka ne" tana buƙatar tambayoyi biyo baya. Yaushe ya fara? Sau nawa a mako? A farke ko a bakin barci? Mutanen gidanku za su ga abin baƙo ne? Me ya hana ka yi wanda da kake yi? Wanda zai fassara takardar kuma, mutum ɗaya ya mai da ita Hausa, wani dabam wanda bai ga asalin ba ya mai da ita Turanci, a gwama, sannan a gwada ta kan matasa goma ko sha biyar ana tambayarsu me suka fahimta da kowace jimla. A guji kalmar hauka ko'ina a jikinta. Makin 6 ɗin ma daga Holan ya zo, don haka a ɗauke shi a matsayin dalilin ƙara bincike kawai.

Doguwar hira ta ƙwararru

Biyu ne sanannu. CAARMS ta fito daga Melbon a Ostireliya, daga asibitin PACE da aka buɗe a 1994, aikin Alison Yung da Patrick McGorry. SIPS kuma daga Yale. Dukansu suna neman rukuni uku: mai alamu masu rauni waɗanda ba su kai cikakken ciwo ba, mai cikakkun alamu na ɗan lokaci da suka wuce, da wanda uwa, uba ko ɗan'uwansa na jini ke da ciwon, shi kuma harkokinsa suka faɗi da kusan kashi 30 cikin 100 a shekara guda. SIPS tana auna alamu 19 daga 0 zuwa 6, inda 3 zuwa 5 a alamun ji da gani da ruɗin tunani ke nufin haɗari, 6 kuma cikakken ciwo. Tana so alamar ta fara ko ta tsananta cikin wata 12 da suka wuce, kuma tana zuwa aƙalla sau ɗaya a mako a watan da ya gabata. A CAARMS, cikakkun alamu da suka wuce mako guda sun fita daga haɗari sun zama ciwo. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai a yi jayayya ba. Wadda likitan ya samu horo a kanta ita ce ta fi.

Ƙarfin hirar yana wajen wanke mutum. Wani nazari na 2015 ya nuna tana kama 96 cikin 100 na waɗanda ciwon zai same su daga baya, amma cikin waɗanda ba zai same su ba, 47 cikin 100 kawai take saki. Ma'ana, idan ta ce babu haɗari, a kwantar da hankali. Idan ta ce akwai, har yanzu rinjaye na wajen lafiya. Wani nazari dabam na 2012 ya samu cewa cikin waɗanda aka ce suna da haɗari, 22 cikin 100 sun kamu a shekara ɗaya, 36 a shekara uku. Wanda ya biyo baya a 2021, da mutane mafi yawa, ya saukar da adadin zuwa 25 cikin 100 a shekara uku. Uku cikin huɗu ba su kamu ba a wannan tsawon lokaci. Wajibi ne iyaye su ji wannan da kunnensu a zaman farko, kafin uwa ta koma gida tana kuka an ce ɗanta zai zare.

Tura kowa kai tsaye wurin ƙwararre ba zai yiwu ba a nan. Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, amma kuɗin mota, da yinin da uba zai bar kasuwa, da tsoron a gan ka a wannan layin, sukan sa iyali su je sau ɗaya su daina. Gara a tura kaɗan da aka tace, da takarda a hannu mai bayanin abin da aka gani da ranar da ya fara.

Abin da za a kawar kafin a ambaci haɗari

Zazzaɓi tare da ruɗewa, musamman idan cikin kwana biyu ko uku abin ya taso, maganar cizon sauro da ya hau kai ne, ko taifot, ko sanƙarau, har sai an tabbatar ba su ba ne. A auna zafin jiki, a yi gwajin jini, a ranar. Akwai nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum: ya ji wani wari, ya ƙura ido, ya yi ta taunar baki na minti ɗaya ko biyu, ya dawo bai tuna ba. Magungunan sitiroyid da wasu ke sha don ƙiba, da efavirenz na masu ɗauke da ƙanjamau, suna iya kawo ruɗu.

Sai shaye-shaye. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 10.6 cikinsu wiwi. Wani babban bincike na 2019 ya samu cewa mai shan wiwi kullum haɗarinsa ya ninka kusan uku, mai shan mai ƙarfi kullum kusan biyar. A tambayi yaron bayan iyaye sun fita, a kira kayan da sunan da ya sani: wiwi, tiramol, kodin, roci, Exol, sholisho. Exol kaɗai ya isa ya sa mutum gane-gane. Idan alamun suna zuwa da sha suna tafiya da dainawa, aikin ya koma na raba shi da ƙwaya.

Duk wanda ya ambaci kashe kansa, ko murya na umartarsa ya cutar da wani, ko ya daina ci da sha, ya wuce maganar tantancewa. Asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Bayan an ce akwai haɗari

Kuskure mafi yawa shi ne garzayawa kemis. Ƙa'idar hukumar NICE ta Ingila ta 2014 ta hana ba wanda ke matakin haɗari maganin saikosis don rigakafi. Abin da ta ce a yi shi ne maganin tattaunawa na CBT, mai gyara tunani da ɗabi'a, da aiki da iyali, da magance ciwon damuwa ko fargaba idan akwai, da bibiya har shekara uku. Magungunan saikosis irin su Haloperidol ko Largactil da aka saya a kan kanta suna iya murɗe wuyan saurayi, idanu su kafe sama, harshe ya fito, cikin kwanakin farko. Gida su ce aljanu sun tashi, alhali maganin ne, kuma allura ɗaya a asibiti take warware shi. Man kifi ma da aka yi ta yayatawa a matsayin rigakafi bayan gwajin birnin Biyana na 2010, babban gwajin da ya biyo baya bai tabbatar da amfaninsa ba.

Abin da ƙaramin asibiti zai iya ba kaɗan ba ne. A daidaita barci, a ajiye waya da dare, a sassauta nauyin karatu na zango ɗaya maimakon cire yaro daga makaranta, a roƙi gida su rage faɗa da gori. A sa ranar dawowa, misali duk wata a farko, a riƙa maimaita tambayoyi iri ɗaya ana rubutawa. Littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka yi shi don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, shi ya kamata ya zauna a kan tebur tare da PQ-16.

Yawancin iyalai za su je wurin malam kafin asibiti ko tare da shi, kuma faɗa da wannan korar iyali ne kawai. Gwajin COSIMPO da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu saikosis sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan lafiya. A yi ruƙiyya da addu'a, amma ban da duka, ban da mari, ban da turaren da ke shaƙe numfashi, kuma ranar asibiti ba ta tashi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin mai wannan lalura.

To makaranta fa, tunda an ce kada ta raba takarda? Aikinta ido ne. Malamin aji da mai kula da ɗakin kwana su ne ke fara ganin wanda makinsa ya zube zango biyu a jere, ko ya koma zaman kaɗaici, ko ya daina tsafta. Horon yini ɗaya ya isa su san waɗannan alamu. Malami ɗaya amintacce ya kira uba ko uwa a keɓe, ya faɗi abin da ya gani ba tare da sa wa abin suna ba: "Alhaji, yaron nan ya canza mana tun bayan hutu, muna so a duba lafiyarsa." Wanda bai kai 18 ba sai da izinin iyaye da yardarsa shi kansa. Sakamakon kuma yana zama a fayil ɗin asibiti, ba ya shiga rajistar makaranta, ba ya shiga takardar shaidar kammalawa.